Jagorar ɗalibai wajen zaɓen aiki

A Nijar, ɗalibi yakan yi shekara 4 a koleji, sannan ya ɗauki jarrabawar BEPC. Daga nan hanya take rabuwa. Wanda ya shiga lise, ko dai ya bi sashen A, na adabi da harsuna, ko sashen C, na lissafi da kimiyya, inda D yake ɓullowa daga baya. Akwai kuma makarantun fasaha, irin ta Ɗan Kasawa a Maraɗi.

Galibi maki ne ke raba gardama, alhali maki ba ya gaya wa yaro inda hanyar za ta kai shi. Mai burin zama likita, in ya faɗa sashen A, da wuya ya sami gurbi a fannin lafiya na Jami'ar Abdou Moumouni. Sau da yawa sai bayan shekara 3, da bakaloriya a hannu, yake gane haka.

A ganina, kamata ya yi jagora ta fara tun shekara ta uku ta koleji. A gayyato ungozoma da malamin gona da makaniki su bayyana aikinsu da karatun da ya kai su gare shi. A kira iyaye su ma su saurara, domin a gidaje da yawa maganarsu ce ta ƙarshe, musamman a kan ƴaƴa mata.