Kunkurun Gida Ba Shi Da Lafiya? Kada Ku Ba Shi Ragowar Maganinku

Gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna ajiye kunkuru a tsakar gida, musamman babban nan na yankin Sahel da kan wuce kilo 30 idan ya girma. Ranar da aka ga hancinsa yana yoyo, idanunsa sun kumbura, ya daina cin ganye, sai a ɗauko ragowar kafson antibayotik da aka rubuta wa yaro a fasa masa a ruwa. Don Allah kada ku yi haka.

Jikin kunkuru ba ya samar da ɗumin kansa kamar namu. Zafin wurin da yake shi ne zafin jikinsa. Idan ana sanyi, hantarsa da ƙodarsa sukan rage aiki, magani ya daɗe bai fita ba. Ko da zafi ma, ba ya fitar da magani da saurin mutum. Allurar seftazidim, alal misali, ana yi wa mutum ita sau biyu ko uku a rana, amma likitan dabbobi kan yi wa kunkuru miligiram 20 a kowane kilo, sau ɗaya a awa 72. Ku ba shi a kan ƙa'idar mutum, sai maganin ya taru ya zama guba.

Saboda haka dole a ɗora shi a sikeli, ba kintace ba. Da ƙoƙon bayansa ake lissafi, domin ƙashi ne mai rai. Sannan a ajiye shi wuri mai ɗumi, kamar digiri 28 zuwa 30, musamman da hunturu, a riƙa sa shi cikin ruwa mai ɗumi marar zurfi ya sha. Allurar jentamaisin da danginta kan lalata ƙodar kunkurun da ruwan jikinsa ya yi ƙasa.

Wani haɗarin kuma yana garke: aibamektin, maganin tsutsar da ake yi wa awaki da shanu, yana shanye jikin kunkuru har ya kashe shi.

Abin da ya fi damunmu a matsayin likitocin mutane shi ne salmonela. Kunkuru mai cikakkiyar lafiya ma kan ɗauke ta a hanjinsa, ya fitar da ita a kashi. Antibayotik ba ya raba shi da ita, sai dai ya koya mata jure magani, kuma ita ce za ta iya komawa cikin ɗanku. Saboda wannan ƙwayar cuta Amurka ta hana sayar da ƙananan kunkuru tun 1975.

Ku wanke hannu da sabulu bayan taɓa shi, kada a wanke kwanonsa inda ake wanke-wanke, kada yaro ɗan ƙasa da shekara 5 ya yi wasa da shi. Idan wani a gidan ya kamu da zawo da zazzaɓi, ku faɗa wa likita cewa kuna da kunkuru.