Azaba Daidai da Laifi: Yadda Marubutan Da Suka Siffanta Wuta

Tsakanin ƙarni na 5 da na 15 miladiyya wani nau'in labari ya bazu daga ƙasar Farisa har tsibirin Ailan. Mutum ne zai suma, ko ya yi dogon barci, ko a ɗauke ransa na 'yan kwanaki, wani jagora ya zaga da shi lahira, sa'an nan ya farfaɗo ya ba mutane labari. Siffar gidan ni'ima ba ta cika bambanta ba daga wannan littafi zuwa wancan: haske ne da ƙamshi da lambuna. A wajen siffanta wuta ne marubutan suke baje fasaharsu, kuma kusan dukkansu ƙa'ida ɗaya suke bi, wadda malamai ke cewa sakamako jinsin aiki ne. Ba a jefa masu laifi duka a rami guda. Kowa da irin tasa azabar, wadda in an dube ta za a gane abin da ya aikata ba sai an tambaya ba.

Tushen abin ya girmi wannan zamani. Wani littafin Kiristocin farko da ake kira Wahayin Bitrus, na ƙarni na 2, wanda aka tono guntunsa na Girkanci a Akhmim ta ƙasar Masar, cikakkensa kuma ya tsira da harshen Habasha na da, ya ɗora azaba a kan gaɓar da ta yi laifi. Masu saɓo an rataye su ta harshe, matan da suka yi ado don jan hankalin mazan wasu an rataye su ta gashi. Wahayin Bulus, wanda ya biyo baya kuma aka juya shi zuwa harsunan Turai masu yawa, ya ƙara dabara. A cikinsa waɗanda suka karya azumi kafin lokaci suna rataye a kan ruwa, harshe ya bushe, ga 'ya'yan itace a gabansu, amma babu halin taɓawa.

Majusawan Farisa ma suna da nasu, littafin Arda Wiraz, wanda aka rubuta wajen ƙarni na 9 ko na 10. An ba malaminsu Arda Wiraz abin sha mai sa barci, ya kwana bakwai bai motsa ba. Cikin abin da ya gano har da ɗan kasuwa mai tauye mudu, an sa shi yana auna ƙasa da toka yana ci. Akwai kuma wani malalaci da ƙwari ke cin jikinsa duka ban da ƙafar dama, domin da ita ya taɓa tura wa san noma damin ciyawa. Wannan misali ya nuna lissafin bai tsaya ga mugunta ba, ɗan alheri ma ba ya ɓata.

A wajen Musulmi maganar ba ƙagaggen labari ba ce, ta zo ne a hadisan Isra'i da Mi'iraji da na mafarkin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A nan aka ambaci masu cin naman mutane suna yagar fuskokinsu da farata na tagulla, da masu wa'azin da ba sa aiki da abin da suke faɗa ana datse leɓunansu da almakashin wuta, da maƙaryacin da ƙaryarsa ta cika duniya ana tsaga bakinsa har ƙeya. Daga baya masu ba da ƙissa suka faɗaɗa waɗannan ruwayoyi suka zama littattafan Mi'iraji na jama'a, kuma daga wannan rijiya ce waƙoƙin wa'azi na ƙasar Hausa suka ɗebi siffofin wuta.

A Turai ƙarni na 12 ne abin ya fi bunƙasa. A 1149 wani limamin Kirista ɗan Ailan mai suna Markus, yana zaune a Regensburg ta ƙasar Jamus, ya rubuta labarin wani barde, Tundal, wanda ya yi kwana uku kamar matacce. Bambancin wannan labari shi ne baƙon ba kallo kawai ya je yi ba, shi ma ya ɗanɗana. Ya taɓa satar saniya, don haka aka ce ya ja wata saniya mai gardama ya ƙetare siririyar gada mai ƙusoshi, dodanni na jira a ƙasa. Ya yi ƙorafin cewa ai ya mayar da ita, mala'ika ya nuna masa ya mayar ne don ya kasa ɓoye ta. A labarin Thurkill, wani manomin Ingila na 1206, shaiɗanu ne ke zama 'yan kallo a dandali, ana fito da masu laifi su maimaita abin da suka yi a duniya: mai girman kai ya yi taƙamarsa, lauya mai cin hanci ya haɗiye kuɗi masu zafi kamar garwashi.

Wanda ya kai wannan fasaha ƙarshe shi ne Dante Alighieri, mawaƙin birnin Fulorans na Italiya, wanda aka haifa a 1265, aka kore shi daga garinsu a 1302 saboda rikicin siyasa, ya mutu a Ravenna a 1321. Doguwar waƙarsa, Commedia, tana da babi 100, 34 daga ciki a kan wuta ne, mai hawa tara da ke ƙara ƙuntata yayin da ake gangarawa. Shi ya fito da sunan da masana ke kiran ƙa'idar da shi har yau, contrapasso, ta bakin Bertran de Born, mawaƙin da aka zarga da shiga tsakanin Sarki Henri na Biyu na Ingila da ɗansa. Ya raba uba da ɗa, sai aka raba kansa da gangar jikinsa, yana tafe riƙe da kan kamar fitila. A wannan babi, wato na 28, ne kuma Dante ya saka baitocin ɓatanci ga Manzon Allah, irin ƙiyayyar zamanin yaƙe-yaƙen Salibiyya, waɗanda masanin Masar Hassan Osman ya cire daga fassararsa ta Larabci.

Hanya biyu Dante ke bi. Wani lokaci azabar kishiyar laifin ce. Bokaye da masu duba sun so ganin gaba, sai aka murɗa musu wuya, fuska na kallon baya, suna tafiya da baya-baya, hawaye na zuba a gadon bayansu. Amma sau da yawa azabar laifin ce da kansa, an tuɓe masa riga. Waɗanda sha'awa ta ja, kamar Paolo da Francesca, guguwa ce ke yawo da su ba tsayawa, kamar yadda ba su iya tsayar da zuciyarsu ba. Munafukai suna sanye da alkyabba mai ruwan zinariya a waje, cikinta darma ce mai nauyin da da ƙyar suke ɗaga ƙafa. Masu bambaɗanci suna nutse cikin kashi. Ɓarayi ba su girmama abin wani ba, saboda haka ko siffarsu ba tasu ba ce: maciji ya sari mutum, mutum ya koma maciji, macijin ya koma mutum. A nan ne Dante ya zarce magabatansa. Su hukunci suke nunawa, shi kuwa halin mai laifin yake fito da shi fili, har mai karatu ya ga kamar mutumin ya daɗe a cikin azabar tun yana raye.

Ba ko'ina dabarar ta zauna daidai ba. Masu sharhi sun sha wahala wajen bayyana dalilin da ya sa masu jabun kuɗi da masu shaidar zur suke fama da kumburi da zazzaɓi. Ba a kuma rasa ramuwar gayya ba, don tun Fafaroma Boniface na Takwas yana raye a lokacin da aka ɗora labarin, wato 1300, Dante ya tanadar masa rami cikin masu sayar da muƙaman coci, waɗanda aka kifa kansu ƙasa, tafin ƙafa na ci da wuta.

Tsarin hawan ma hukunci ne. Dante ya ɗauki yaudara ta fi kisa da ƙarfi muni, domin hankali take gurɓatawa, shi ne kuwa abin da ya raba mutum da dabba. Shi ya sa can ƙasan babu wuta, ƙanƙara ce, inda maciya amana suke daskare kamar yadda zuciyarsu ta yi sanyi ga dangi da gari da baƙo da ubangida.

Ko Dante ya san ruwayoyin Musulmi? Masanin Sifen Miguel Asín Palacios ya ce ya sani, a littafinsa na 1919, aka yi ta ja da shi saboda rashin hanyar da labarin zai bi ya isa Italiya. A 1949 aka buga wani littafin Mi'iraji da aka juya daga Larabci a fadar Sarki Alfonso na Goma na Kastil, wanda Bonaventura mutumin Siena ya mayar Latin da Faransanci wajen 1264. Malamin Dante, Brunetto Latini, ya je wannan fada jakadanci a 1260. Hanya dai ta samu, amma babu shaidar da ta tabbatar Dante ya karanta littafin, kuma masana sun rabu a kan haka har yanzu.