Shin hali na iya hana ɗan wasa samun karramawa?

A watan Yulin 2013, ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Akurba FC daga Lafiya, babban birnin jihar Nasarawa, ta sha kashi da ci 79 da nema a hannun Plateau United Feeders, a wasan neman hawa rukuni na gaba da aka buga a Bauchi. An zura 72 daga cikin ƙwallayen ne bayan dawowa daga hutun rabin lokaci. Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Najeriya, NFF, ta haramta wa 'yan wasa da jami'an da abin ya shafa harkar ƙwallo har abada, ta kuma dakatar da ƙungiyoyin na shekara 10.

Irin wannan hukunci kan haifar da tambaya: idan wanda aka samu da laifi gwani ne, shin laifin zai shafe bajintarsa ranar da za a karrama gwanaye?

A Amurka, an daɗe ana wannan muhawara a wasan besbol. Ƙa'idar zaɓen shiga Zauren Gwanaye da ke Cooperstown, a jihar New York, ta umarci masu zaɓe su duba gaskiya da halin ɗan wasa tare da ƙwarewarsa. Pete Rose, wanda ya kafa tarihin bugu 4,256 masu nasara, an kore shi daga wasan a 1989 saboda caca a kan wasanni, kuma ya mutu a 2024 bai shiga zauren ba. Sai a watan Mayun 2025 aka janye haramcin. Shi ma Barry Bonds, da ake zargi da amfani da ƙwayoyin ƙara kuzari, ya kasa samun kashi 75 cikin 100 na ƙuri'un da ake buƙata har shekara 10.

Masu goyon bayan ƙa'idar na cewa hali zanen dutse ne, kuma wanda aka karrama ya zama abin koyi ga matasa. Masu adawa kuwa na ganin ma'aunin hali yakan sauya daga mai zaɓe zuwa wani, alhali alƙaluman bajinta ba sa sauyawa.

Inda ɓangarorin suka fi kusantar juna shi ne rarrabe laifi gida biyu. Abin da ɗan wasa ya aikata a rayuwarsa ta waje daban yake da sayar da wasa, domin sayar da wasa yana jefa shakku a kan sakamakon da aka gina karramawar a kansa.

Najeriya ma tana da misali. Samson Siasia ya jagoranci tawagar ƙasar ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta 2008 da ta tagulla a 2016. A 2019 FIFA ta dakatar da shi har abada bisa amincewa da karɓar cin hanci don murɗe wasanni, kafin kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a 2021. Lambobin biyu suna nan a tarihin ƙasar, wa'adin hukuncin kuma ya cika a 2024.