Koken Zawarawan Yaƙin Basasar Ingila

Littattafan tarihin yaƙi sukan adana sunayen sarakuna da kwamandoji, su manta da matan da aka bari da marayu a hannu. Yaƙin basasar Ingila, wanda ya ɓarke a 1642 tsakanin Sarki Charles na Ɗaya da Majalisar Dokoki, bai lafa ba sai a 1651. An gwabza a Edgehill da Marston Moor da Naseby, dubban magidanta suka kwanta dama, wasu a fagen fama, wasu kuma cuta ta ɗauke su a sansani.

Kafin wannan yaƙi, dokar 1593 ta tanadi fansho ga sojan da ya naƙasa, amma ba ta ce komai ba game da matar wanda ya mutu. Majalisa, da yake tana neman mayaƙa ruwa a jallo, ta yi alkawari tun a watan Oktoban 1642 cewa za ta kula da iyalan waɗanda suka faɗi dominta. A 1647 ta ɗora wannan nauyi a kan gundumomi, inda alƙalai kan zauna sau huɗu a shekara suna sauraron koke.

Samun haƙƙin kuwa sai da wahala. Yawancin matan ba su iya rubutu ba, sai su nemi wanda zai rubuta musu takardar koke. Sannan a nemo shaidar kwamandan da mijin ya yi aiki a ƙarƙashinsa, maƙwabta kuma su sa hannu cewa talauci ya yi mata katutu kuma mutuniyar kirki ce. A cikin takardun da suka rage a ma'ajiyar gundumomi, za ka ga mace tana lissafa 'ya'yanta ƙanana, da bashin da ya hau kanta, da kayan ɗakin da ta sayar don ciyar da su. Wata ta samu fansho na shekara-shekara, wata a sallame ta da 'yan sulalla sau ɗaya tak. Wadda mijinta ya mutu a ɓangaren sarki kuwa ba ta da rabo ko kaɗan.

Da sarauta ta dawo a 1660, sai reshe ya juye da mujiya. Aka yanke fanshon zawarawan ɓangaren Majalisa, dokar 1662 kuma ta buɗe ƙofa ga na ɓangaren sarki, waɗanda suka shafe shekaru suna haɗiyar baƙin ciki.

Matan nan ba su suka kunna wutar yaƙin ba, amma abincin 'ya'yansu ya rataya ne a kan wanda ke bisa karaga. Duk hukumar da ta tura magidanci fagen daga ta ci bashin iyalinsa, kuma bai kamata biyan wannan bashi ya dogara da inda iskar siyasa ta kaɗa ba.