Kafin a ɗaga gona saboda bakin tekun Legas

Da zarar an kai gero da dawa rumbu, an casa gyaɗa da wake, ƙauyukan Shanono a jihar Kano sukan fara raguwa da samari. Ba sabon abu ba ne. Ƙaramar hukumar da ƙidayar 2006 ta ba mutum wajen 140,000, a ƙasar da ruwan sama ke sauka wata huɗu zuwa biyar kawai, ba za ta iya riƙe dukkan majiya ƙarfinta cikin rani ba, kuma madatsar Watari da ke maƙwabciyarta Bagwai ba kowa take kai wa ruwa ba. Saboda haka ci-rani ya zama wani ɓangare na noman kansa. Abin da ya sauya shi ne inda ido ke kallo. Da can mutum yakan nufi Kano ko Kaduna, in ya yi nisa ya sauka Agege ko Mile 12. Yau wayar hannu tana nuna wa matashi Lekki da Ajah da Victoria Island, otal-otal da wuraren shaƙatawa na bakin ruwa, inda ake cewa kuɗi na yawo kamar ba a san zafinsu ba. Daga nan sai a fara jin maganar da ta fi ci-rani nauyi: a sayar da shanun huɗa, a jinginar da gona ko a ɗaga ta gaba ɗaya, a sayi babur ko a haɗa jari, a koma can da zama. Ra'ayina shi ne zuwa bakin teku neman kuɗi abu ne mai ma'ana, amma sayar da gona don a tare a can kuskuren lissafi ne, kuma dalilan ba su da alaƙa da tsoron baƙon wuri.

Garin shaƙatawa na bakin teku yana da wata ɗabi'a da ta raba shi da garin kasuwa irin Kano. Ƙasar da ke kusa da ruwa ita ce hajarsa mafi tsada, kuma tana ƙara tsada ne gwargwadon yadda aka kawar da alamun talauci daga kanta. Garin yana buƙatar mai gadi da mai suya da ɗan garuwa da lebura da mai wankin mota, amma da rana yake buƙatarsu. Bai yi tanadin inda za su kwana ba. Tarihin Legas ya maimaita wannan har ya zama abin da za a iya hasashe. A watan Yulin 1990 gwamnatin soja ta Raji Rasaki ta rushe Maroko, inda aka ƙiyasta mutum 300,000 ke zaune, kuma a kan wannan fili ne wasu daga cikin gidaje mafi tsada na yankin Victoria Island da Lekki suke tsaye yau. Tsakanin Nuwamban 2016 da Afrilun 2017 aka tashi Otodo Gbame, ƙauyen masunta a gefen Lekki. Ƙungiyar Amnesty ta ce mutanen da suka rasa matsuguni a wannan zango sun haura 30,000. A Janairun 2020 sojan ruwa suka kori mazauna Tarkwa Bay. A 2024 aikin babbar hanyar gaɓar teku daga Legas zuwa Kalaba, mai tsawon kilomita kusan 700, ya bi ta kan wurin shaƙatawa na Landmark ya shafe shi, tare da sana'o'in da ke ci a gefensa. Wanda ya mallaki wurin nan attajiri ne mai takardu da lauyoyi, amma buldoza ba ta tsaya ba. Mai rumfar shayi da ya kafa ta da izinin baki daga wani ɗan unguwa ya auna matsayinsa daga nan.

Doka ma haka take tafiya. Sana'ar da ta fi jan samarinmu ita ce acaɓa, musamman tun Janairun 2013 da gwamnatin Kano ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birni bayan harin da aka kai wa marigayi Sarki Ado Bayero. To amma Legas ta riga Kano fara matsa wa sana'ar: dokar hanya ta 2012 ta hana babur bin tituna 475. Ranar 1 ga Yunin 2022 Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya haramta acaɓa ɗungurungum a ƙananan hukumomi shida, wato Ikeja da Surulere da Apapa da Lagos Island da Lagos Mainland da Eti-Osa, sannan a watan Satumba aka ƙara Kosofe da Mushin da Oshodi-Isolo da Shomolu. Eti-Osa ɗin nan ita ce ta ƙunshi Ikoyi da Victoria Island da Lekki da Ajah, wato daidai wurin da hotunan waya ke tallatawa. Baburan da aka kama kuwa sau da yawa murƙushe su ake yi a bainar jama'a. Mutumin da ya mayar da gonar gado babur, ya shiga da shi Lekki, ya ɗauki dukiyar da fari bai cinye ba, ya ajiye ta inda jami'i guda zai iya raba shi da ita cikin minti biyar. Ko isowa ma ba a rasa tangarɗa: a Agustan 2019 jami'an jihar sun tsare mutum 123 daga Jigawa da suka shigo a babbar mota tare da baburansu, daga baya aka sake su don ba a same su da laifi ba.

Sai batun ɗaki, wanda a ganina shi ne ainihin ma'aunin tafiyar, fiye da abin da ake samu a rana. Mai ba da labari a majalisa yakan faɗi cinikin yini, ba ya faɗin kuɗin haya. Mafi ƙarancin albashi a Legas naira 85,000 ne tun ƙarshen 2024, na Kano 71,000. Tazarar ba ta kai abin da kuɗin mota kaɗai zai lashe ba, balle haya. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara guda daga sabon ɗan haya, amma ta ware Ikoyi da Victoria Island da Apapa da wani sashe na Ikeja daga hurumin nata, kuma ko inda take aiki, bayan kuɗin shekarar akwai la'adar dillali da kuɗin rubuta yarjejeniya da kuɗin da ake ajiyewa saboda ɓarna. Shi ya sa mafi yawan mutanenmu da ke aiki a bakin ruwan ba haya suke yi ba. Dubi mai gadi a wani gida a Lekki: ɗakinsa ɗan akurki ne a jikin get, tabarma da buta da risho da ƴar rediyo, ga tebur ɗin taba da alewa da katin waya a bakin taga. Da dare ƴan garinsu uku ko huɗu za su lallaɓo su kwanta, su fice kafin asuba don kada maigida ya gani. Wannan tsari yana ba mutum damar tara kuɗi, domin ba ya biyan ko kwabo na kwana. Amma ɗakin na aikin ne. Ranar da aka sallame shi, ranar ya rasa makwanci, shi da duk masu raɓa da shi, kuma babu yadda za a yi a kawo mata da yara cikinsa. Wanda ya zo na wata biyar zai jure wannan. Wanda ya sayar da komai ya taho ba shi da inda zai ja da baya.

Yanayin wurin shi ma yana da harajinsa, kuma mutumin tudu ba ya sanin sa sai ya biya. Ruwan da ke sauka a Legas a shekara ya kai kusan ninki biyu na wanda ƙasar Kano ke samu, kuma yankin Lekki fili ne na yashi da fadama tsakanin teku da tafki, kusan daidai da tsayin ruwan, don haka ruwan sama ba ya samun gangaren da zai bi. A Yulin 2017 ambaliya ta shanye titunan Lekki da Victoria Island, haka kuma a farkon Yulin 2024. Rijiya da burtsatse a wurare da yawa suna ba da ruwa mai gishiri ko mai launin tsatsa, saboda ruwan teku na kutsawa ta ƙarƙashin ƙasa. Wannan ne ya sa ɗan garuwa ke samun ciniki da kurarsa mai jarka goma ko sha biyu, kuma wannan ne ya sa shi kansa sai ya sayi ruwan da zai sha. Iskar tana ɗauke da gishiri, tana cin ƙarfe: sarkar babur da kwanon rufi da keken ɗinki da janareto duk suna tsufa da wuri, hatsin da aka taho da shi daga gida kuma yakan yi fumfuna saboda laima. Kwalarar da ta ɓarke a Yunin 2024 ta fi tsanani ne a Lagos Island da Eti-Osa da Kosofe. Abin mamaki, zazzaɓin cizon sauro ba ya cikin abin da ya kamata a fi tsoro, domin binciken ƙasa na 2021 ya nuna Legas ce ke da mafi ƙarancin yaran da ke ɗauke da cutar, ƙasa ƙwarai da Kano. Tekun kansa kuwa ba kududdufin bayan gari ba ne. Akwai igiyar da ke jan mutum ciki ko da ruwan bai wuce ƙugunsa ba, kuma a Agustan 2012 toroƙon teku ya share bukkokin bakin tekun Kuramo da dare ya tafi da mutane fiye da goma.

Za a ce, kuma da gaskiya, ai gonar da ake ta kārewa ba ta ciyar da mai ita. Gado ya yayyanka ta har ta koma gayauna, buhun taki ya fi ƙarfin talaka tun bayan janye tallafin mai a Mayun 2023, sannan a ƙarshen 2025 ƴan bindiga daga iyakar Katsina sun fara taɓa yankin Faruruwa na Shanono, har wasu suka bar gidajensu. Wa zai ce wa irin wannan mutum ya zauna? Ba ni ba. Amma ƙanƙantar gona hujja ce ta fita neman ƙari, ba hujjar sayarwa ba ce. Gonar da ke ba da abincin wata biyar ta ɗauke wa mai ci-rani ciyar da iyali na wata biyar, kuma ita ce ke ba shi ƙarfin cewa a'a idan aka yi masa tayin aikin wulaƙanci. Lokacin tashin hankali kuwa shi ne mafi munin lokacin sayar da ƙasa, domin farashi a ƙasa yake, mai saye ya san kana cikin matsi. Ana iya ba ɗan'uwa aro, ana iya ba da haya na damina guda a gaban mai unguwa da shaidu. Jingina ma gara ita da sayarwa, kodayake kowa ya san jinginar da ta daɗe takan rikiɗe ta zama ciniki.

Za a kuma kawo misalin waɗanda suka yi arziki, kuma suna nan. Hausawa sun fi shekara ɗari a Agege, tun zamanin fataucin goro da zuwan jirgin ƙasa da ya haɗa Legas da Kano a 1912. Suna da sarakunansu da masallatansu da makarantunsu, suna riƙe da cinikin shanu a mayankar Oko-Oba da na tumatir da albasa da tattasai a Mile 12. Sai dai a lura da inda suka kafu da kuma abin da suka kafu a kansa. Ba su zauna a bakin ruwa suna jiran ɗan yawon shaƙatawa ba. Sun zauna a can cikin gari, kusa da tasha da kasuwa, suna sayar wa Legas abin da ba ta iya nomawa, kuma igiyar cinikinsu tana ɗaure da gonakin Arewa. Ƙarfinsu daga gida yake zuwa. Ko su ɗin ma ba su tsira daga girgiza ba: rikicin Mile 12 na Maris 2016 ya ci rayuka ya sa aka rufe kasuwar, kuma a 2022 aka ba mazauna kasuwar Alaba Rago wa'adin kwana 14 su tashi. Tsarin mulkin 1999 a sashe na 41 ya ba kowane ɗan Najeriya ƴancin zama inda ya so, wannan ba a ja da shi, amma sashen bai hana gwamnatin jiha rushe rumfa ko haramta sana'a ba.

Akwai wani abu guda da ke goyon bayan tsohon tsarin ci-rani wanda ba a cika lura da shi ba, wato yadda kalandar wuraren biyu ta dace da juna. Kasuwar bakin teku tana tashi ne daga Nuwamba zuwa Janairu, musamman Disamba da ƴan Najeriya mazauna Ingila da Amurka ke dawowa hutu, otal-otal su cika, mai suya da mai gadi da mai ɗaukar kaya su samu aiki. Aikin gini ma a rani yake gudu, har zuwa yankin Ibeju-Lekki inda matatar Dangote da sabuwar tashar jiragen ruwa suka jawo gine-gine. Yuni da Yuli kuwa su ne tsakiyar ruwan Legas, bakin teku ya yi tsit, gini ya lafa, ɗan garuwa ya rasa mai saye, kuma daidai lokacin ne ake shuka da noman farko a Shanono. Mai tafiya ya dawo yana cin moriyar kakar kowane wuri, mai tarewa kuwa shi ke biyan haya a watannin da babu ciniki.

Don haka tambayoyin da ya kamata uba ko yaya ya yi wa mai shirin tafiya ba su da yawa. Wa zai sauke ka, kuma shi a ɗakin wa yake? Sana'ar da za ka yi, an halatta ta a wannan ƙaramar hukumar? Kana da katin ɗan ƙasa a aljihu, kuma za ka yi rajistar mazauna jihar idan ka isa? Akwai kuɗin motar dawowa da aka ware, wanda ba za a taɓa ba ko da ciniki ya tsaya? Tafiyar ta kusan kilomita dubu ce, kuma kuɗinta ya ninka tun bayan janye tallafi. Wanda ya amsa waɗannan ya tafi bayan kaka, ya gwada shekara biyu ko uku yana dawowa shuka, sannan ya duba abin da ya rage a hannunsa bayan ci da sha da mota da abin da ƴan tasha suka karɓa. Idan ragowar ta isa hayar ɗaki a Agege ko Ikorodu ba tare da an taɓa gona ba, a lokacin ne maganar ɗaukar iyali ta zama abin tattaunawa.