Kantin Kwari: Kasuwar da Ke Tufatar da Arewa

Duk wanda ya biyo titin Ibrahim Taiwo a Kano da hantsi, tun kafin ya hango shaguna zai san ya iso Kwari. 'Yan dako ne da diloli a ka suna ta "Hanya! Hanya!", masu kura na kutsawa tsakanin A Daidaita Sahu, ga samari a bakin layi suna tarar baƙi: "Hajiya, me ake nema? Leshi ko atamfa?" Kasuwar tana cikin ƙaramar hukumar Fagge, kuma ana lissafa ta cikin manyan kasuwannin yadi na Afirka ta Yamma.

Asalinta kantunan fataken Siriya da Labanan ne, waɗanda suka kafu a Kano bayan isowar jirgin ƙasa. Sannu a hankali Hausawa suka saye gidajen suka yanka su shago-shago. Shi ya sa har yau ba a kwatance da lamba, sai dai a ce gidan wane, hawa na biyu.

Cinikin hawa-hawa ne. A sama akwai manyan diloli masu yo odar kwantena daga Sin, Indiya da Dubai. Daga hannunsu masu shago ke sara, sai 'yan tebur da suka cike layuka. Akwai kuma 'yan kayi-na-yi, waɗanda ba su da ko ƙyalle, jarinsu baki ne da sanin lungu: su kai ka inda kaya yake, su ɗora nasu a kan farashi. Mutane na kuka da su, amma baƙon da ya taso daga Maraɗi, Damagaram, Marwa ko Injamena yakan sha wuya in babu su. Yawancin kayan nan a kan amana suke fita. Sai a ɗauki bandir ɗin shadda na miliyoyi ba takarda, a biya bayan an sayar.

Mai saye kuwa sai ya buɗe ido. Turmin atamfa yadi shida ne, amma tsakanin turmi da turmi akwai tafiya mai nisa. Ga Holan ta kamfanin Vlisco, wadda ake ƙawata akwatin lefe da ita, ga Hitarget ta Sin da talaka ke fita kunya da ita. A shadda, Getzner ta Ostiriya ce sarauniya. Sai dai zanen da ya fito yau, kafin wata ya zagayo an kwaikwayo shi har da tambari. Gwanaye kan murza bakin yadi, su duba bayansa, su ji nauyinsa a hannu. Wanda bai iya ba, wankin farko ne zai gaya masa gaskiya.

Kasuwa takan yi zafi daga tsakiyar azumi zuwa jajiberin salla, da kuma lokacin bukukuwa, sa'ad da ake sayen anko dila guda. Tun da Naira ta faɗi a 2023 ciniki ya sauya: wanda ya saba yi wa iyali kala uku ya koma ɗaya. Wani sashen kasuwar kuma ya ƙaura cikin waya. Matan aure da ɗalibai na karɓar hotuna daga yaran shago, su ɗora a WhatsApp da Instagram, a turo kuɗi, a kai kaya tasha.

Abin da ke ci mini rai shi ne, da ƙyar za ka sami abin da aka saƙa a gida. Lokacin da Bature Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, tufafin da aka saƙa aka rina a nan har Timbuktu ake kai su. Yau masaƙun Kaduna da na Kano galibi sun zama kufai, saboda rashin wuta, ƙarancin auduga da kayan fasa-ƙwauri. Mun koma dillalan masaƙun wasu, kuma duk sanda dala ta motsa, Kwari ce ke fara jin jiki.

Ita ma kasuwar tana neman gyara. An gina shaguna a kan magudanai, abin da ya jawo ambaliyar 2022 ta lalata dukiya mai yawa, kuma layukan sun matse har motar kashe gobara ba ta iya shiga wasu. Gwamnati da shugabannin kasuwa su fara da buɗe hanyoyin nan da yashe kwalbatoci kafin damina.