Saiwar Tizil da Ciwon Laim: Abin da Aka Ji da Abin da Aka Gwada

Da yawa daga cikinmu muna da 'ya'ya ko dangi da karatu ko aiki ya kai su Amurka da Turai. A can akwai wani ciwo da kaska take kawowa, ana ce da shi ciwon Laim. Akwai kuma wata saiwa da ake ta yayatawa wai ita ce maganinsa. A kan su biyun za mu yi magana yau.

Ciwon ya samo sunansa daga garin Laim a jihar Kanetikat ta Amurka, inda a shekarar 1975 aka lura yara da dama suna fama da kumburin gaɓoɓi ba a san dalili ba. A 1981 wani masani mai suna Willy Burgdorfer ya gano ƙwayar cutar a cikin kaska. Wannan kaska ba irin ta shanunmu ba ce da ido yake gani daga nesa. Ƙaramar ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, ta kan ɗauko cutar daga ɓeraye da sauran ƙananan namun daji, ta manne wa mutum ba ya ko ji. Alamar farko ga yawancin mutane ita ce jan tabo mai faɗaɗa a wurin cizon, da zazzaɓi da kasala. In an bar shi, yana iya kumbura gwiwa, ya shanye gefen fuska, har ya taɓa bugun zuciya. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta mutum wajen 476,000 ne ake yi wa magani kowace shekara a ƙasar.

To, tizil fa? Tsiro ne mai ƙaya, asalinsa Turai, yana yin shekara biyu kafin ya mutu. Da busasshen kansa masaƙan Turai na dā suke taje tufafin ulu. Masu magani su kan haƙo saiwar a shekararsa ta farko, su jiƙa a barasa, a riƙa ɗiga wa mara lafiya a ruwa. Mutanen Sin sun daɗe suna amfani da wani ɗan'uwansa don ciwon baya da karaya. Daga nan wani mai maganin gargajiya Ba'amurke, Matthew Wood, ya ambace shi don ciwon Laim a littafinsa na 1997. A 2007 kuma Bajamushe Wolf-Dieter Storl ya rubuta littafi guda yana cewa da wannan saiwa shi kansa ya warke. Tun daga lokacin labarin ya bazu.

Ba mu raina shaidar mutum a kan jikinsa ba. Amma wannan ciwo yana da wata dabara: jan tabon nan ya kan ɓace da kansa ko ba a sha kome ba, alhali ƙwayar tana nan cikin jiki. Wanda ya sha saiwa ya ga tabo ya tafi, ba shakka zai ce ya warke. Bayan watanni gwiwa ta kumbura.

Masana sun gwada. A 2011, a Jamus, an ga wani ɓangare na ruwan saiwar yana hana ƙwayar yaɗuwa, amma a cikin kwalbar gwaji. A 2020 masu bincike na Jami'ar Johns Hopkins suka jera tsire-tsire da dama suka gwada su a kan ƙwayar, tizil kuwa bai yi wani abin kirki ba. Abin mamaki, cikin waɗanda suka fi ƙarfi akwai wata saiwa ta nan Afirka ta Yamma, wadda mutanen Gana suke kira nibima, suna sha don zazzaɓin cizon sauro. Ita ma dai a kwalba ne, ba a jikin mutum ba.

Me ya sa mutane suke ruguwa wurin saiwar? Domin akwai waɗanda, ko bayan maganin asibiti, gajiya da ciwon jiki suke bi har tsawon watanni. Mai irin wannan wahala ba abin zargi ba ne in ya nemi sauƙi ko'ina. Wanda muke jin tsoro dominsa shi ne sabon kamu, wanda zai ajiye maganin likita ya kama ɗige-ɗige. A makonnin farko, ƙwayoyi irin su doxycycline ko amoxicillin na kwana 10 zuwa 14 suna warkar da mafi yawan mutane sarai. Wannan dama ce mai wucewa.

Saboda haka ku faɗa wa naku da suke can: in sun shiga daji ko doguwar ciyawa da bazara, su duba jikinsu da yamma, har hammata da bayan gwiwa da cikin gashi. Kaskar ta kan yi fiye da yini guda a manne kafin ta zuba cutar. A kama ta da matsefata dab da fata, a ja a hankali, a rubuta ranar. In tabo ko zazzaɓi ya biyo baya, sai asibiti, a kuma gaya wa likita duk wata saiwa da aka riga aka sha.